Ƙafar da Aka Hana Ta Ƙasa

Idan ruwan sama ya jiƙa katangar ƙasa, akwai wani ƙamshi da take fitarwa. Mutane suna son sa. Ni ba na so. Da na shaƙe shi sai ƙanena ya faɗo mini a rai.

A wani ƙauye kusa da Gafasa aka haife mu. Bayana Inna ta haifi uku, duk ta binne su kafin yaye. Shi ne na huɗu. Ɗan wabi ake ce wa irinsa. Tun ranar suna Inna ta ƙudurta a ranta cewa wannan kam ƙasa ba za ta ci shi ba, kuma dabarar da ta sani ɗaya ce: kada ya taɓa ta.

Ta goya shi har ya wuce yaye da nisa. Da ya yi mata nauyi, sai aka ɗora mini. Ina goye da shi ƙafafunsa na dukan bayan gwiwata.

Mu sauran yaran gidan ba mai tausayin ƙafarmu. Rijiya da sassafe, kai abinci gona da hantsi, korar awaki daga gyada, itace da yamma. Maza su yi langa da kokawa a yashin ƙofar gida, mu mata mu yi tsere har bakin kududdufi. Ƙaya ta soke ka, ka cire ta da wata ƙayar ka wuce. Ba don lafiya muke yi ba. Ba mu san ana kiran wannan motsa jiki ba. Mun dai san muna cin tuwo kamar fara ta sauka a gona, mu yi barci kamar duwatsu.

Shi kuwa ɗaki da tabarma, fura da nono. Rana za ta sa masa zazzaɓi. Iska za ta sa masa tari. Yara za su ture shi. Ya yi kumatu, ya yi haske, ƙafafu kamar sillen kara. Yana iya tafiya, amma daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango.

Iya, mahaifiyar Baba, ta taɓa magana.

"Ke, sauke yaron nan. Ɗan akuya ma ranar haihuwarsa yake miƙewa."

Inna ba ta musu da surukarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, uku na ba ƙasa."



Wata rana lokacin cirar gyada na kai abinci gona da shi a bayana. Na gaji. Na kwance majanyi na dire shi tsakanin kunya biyu. Ya tsaya yana murza yatsun ƙafarsa cikin yashi. Sai wata fara ta tashi, ya bi ta. Yana tangaɗi yana dariya, dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Bai yi nisa ba ya kife, gwiwa ta ƙuje. Jinin bai cika cokali ba.

Inna ta karya muciya a bayana. Da ta gama ta zauna tana kuka. Daga ranar ko goyon ma aka daina, ɗaki kawai.

Yana da shekara bakwai Baba ya ga ko tsayuwar salla tana sa shi haki. Ya ɗora shi a jaki zuwa Ajingi. Malamin asibiti ya mammatsa ƙafar ya ce, "Malam, ba ciwo a nan. Ba a yi aiki da ita ba ne. Ku sake shi cikin yara, ya yi gudu, ya sha rana." Baba ya dawo ya faɗa. Inna ta ce to, amma a bari damina ta wuce, ƙasa ta bushe.

Marka ta zo. Kwana da kwanaki ruwa bai ɗauke ba. Bayan azahar ina ɗakin Inna ina ɓarar gyadar miya, shi yana kan tabarma. Ƙasa ta fara zubowa daga azara. Iya ta ƙwala ihu daga tsakar gida: "Ku fito!"

Ban yi tunani ba. Ƙafata ce ta yi. Sai ganina na yi a waje cikin ruwa. Na waiwaya, na gan shi ya dafa gwiwa yana miƙewa kamar tsoho. Taku huɗu ne zuwa ƙofa. Ya yi biyu.

Shekaru na goya shi. Ranar da ya kamata, ban goya ba. Wannan nawa ne, da shi zan shiga kabari. Amma taku huɗu, jama'a. Kaza ma ta fita.

Inna ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma sake ambatonsa ba har ta rasu.

Yanzu ina Gaya wurin ɗana, gidan siminti, bango ba ya faɗuwa. Jikana yana wuni a kan katifa da wayar uwarsa a hannu, wuya a lanƙwashe. Shiru, tsaf, ba datti. Na san wannan shirun. Ɗazu yara suna buga ƙwallo a layi, na zare wayar na kama hannunsa na kai shi ƙofa.

Uwarsa ta biyo ni. "Haba Inna, jiya fa ya ƙuje gwiwa."

Na ce, "Gwiwa tana warkewa, 'yar nan."

Na tura shi waje, na ja kujera na zauna a bakin ƙofar.