Zaibar da Ta Zube a Ɗakin Inna

A bazarar 1987, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata Inna da ke aiki wurin maƙeran zinari a Kano, ya sauka gidanmu a Rogo da 'yar kwalba a aljihu. Ya ɗiga mini abin da ke ciki a tafin hannu: ruwa ne amma bai jiƙa ni ba, ga nauyi kamar dalma, ga sheƙi kamar sabon kwano. "Zaiba ke nan," in ji shi, "da ita muke tsince garin zinari." Ya goga ta a jan kwabo, nan take ya koma fari kamar sule. Da zai tafi ya bar wa Inna kwalbar, don ana cewa ajiye zaiba a ɗaki maganin baki ne. Ta soke ta cikin jeren kwanukanta.

Ba a daɗe ba wata kaza ta afka ɗakin, ta yi tsalle cikin jeren, kwalbar ta faɗo ta fashe. Zaiba ta watse tana gudu kamar mai rai. Inna ta bi ta da tsintsiya, ita kuwa sai ƙara rarrabuwa take, har ta ɓace cikin tsagogin daɓe. Muka yi dariya, muka manta.

Da damina ta kankama ciwo ya kama ni. Tafin hannuwana da ƙafafuna suka yi jawur suna saɓa, gumi ba ya yanke mini, haske yana sukar idona, ina kuka ban san dalili ba. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce iska. Kakarmu ta yanke cewa sanyi ne, kada a bari iska ta taɓa ni. Aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka saki asabari, aka ajiye kaskon garwashi kusa da kaina, aka shimfiɗa mini tabarma a kan daɓen nan. Duniyata ta koma abin da kunne ya jiyo: ƙararrawar firamare, kiran masu tallar nono, ƙarar fartanya idan su Yaya sun dawo daga noman gyaɗa, tafin gaɗa a dandali. Ƙawata Ladi takan tsaya bayan katanga ta yi ta kiran sunana har ta gaji. In na roƙi Inna ko asabarin ta ɗage, sai ta ce, "Yi haƙuri, uwata, in kin warke kya fita." Ba ta taɓa barina ni kaɗai ba. A ɗakin take wuni tana ɗinkin hula, har na fara ganin allura tana kuɓuce mata.

Marka ce ta fitar da ni. Azara ta karye, gefen ɗakin ya rufta, Baba ya kai ni Ƙaraye wurin Goggo, mai kwantar da yara a rumfa. A hankali fatata ta koma daidai, na soma bin 'ya'yanta yankan ciyawar awaki. Kowa ya ce canjin ruwa ne.

Sai da na girma na shiga makarantar koyon jinya na ji malama tana cewa zaiba tana fitar da tururi marar wari, zafi yana ƙara shi, rufaffen ɗaki yana tara shi. Ta lissafo alamomin gubarta a jikin yaro, na ji kamar labarina take bayarwa. Hannun Inna bai daina rawa ba har ta rasu, tana cewa gajiyar duniya ce. Ban taɓa faɗa mata ba, ban faɗa wa Kawu ba.

Yanzu an tayar da ɗakin da siminti da manyan tagogi, jikokin Yaya ne ke kwana ciki. In na je gida nakan tsaya bakin ƙofar, iska tana ratsawa, amma Inna nake nema. Da ƙauna aka rufe ni, ba wanda ya san da me aka rufe mu.