Muryar Malam a Cikin Mimori

Akwai wata rana a shekarar korona da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da zan tsufa in manta da abin da na ci da safe. Ina aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin, a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Muna shirin jarrabawa aka tara mu aka ce kowa ta haɗa kayanta, an rufe makarantu sai yadda hali ya yi. Na koma gida Boyekai da akwatina, ina murna kamar an ba mu hutun sallah.

Murnar ba ta daɗe ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, littattafaina suna ƙarƙashin gado. Muna jin ana cewa yaran birni suna karatu ta intanet, mu kuwa waya ɗaya ce a gidanmu, ƙaramar nan mai tocila, ta Baba.

Wata ranar kasuwa Baba ya dawo daga Goronyo ya miƙo mini wani mimori naɗe a takarda. Ya ce mai cajin waya ne ya ba shi, wai malaminmu na fasaha ya bari a raba wa ɗalibansa. Malamin nan mutumin Wurno ne, siriri, marar yawan magana. A makaranta ba mu ɗauki darasinsa da muhimmanci ba, muna cewa zanen kusurwa da sunayen ƙarafa aikin maza ne. Na saka mimorin a waya, sai ga muryarsa, har da carar zakaran gidansa a bayanta.

"'Yan aji ukku, kuna lahiya? Ba mu da allo, ba mu da ɗakin gwaji. To amma kowace ta duba gidansu. Akwai keke? Akwai guga? Akwai almakashi? Su na kayan aikinmu yanzu."

Daga baya na san yadda yake yi. Yakan naɗi darasi a wayarsa, ya hau babur da takunkumi a fuska, ya bi Rabah da Goronyo da ƙauyukan Wurno yana ajiyewa wurin masu caji, su kuma su tura wa duk wanda ya zo. A kowane shago ya bar kwali, mu zana aikinmu a takarda mu aika, ya kwashe ya duba ya dawo da shi da jan biro. Babu wanda ya sa shi. Ni a lokacin ban ga girman abin ba, haushi ma nake ji idan ya rubuta mini "sake zanawa".

Darasi na huɗu a kan yadda famfo ke jan ruwa ne. Ya ce mu yanko karan ganyen gwanda mai rami, mu zuƙi ruwa da shi daga kofi. Na yi, ruwa ya hau. Ya ce mu huda gefen karan da ƙaya mu sake zuƙa. Na yi ta zuƙa har kumatuna suka gaji, iska kawai nake sha. Innata tana tankaɗe tana kallona, ta ce, "Wanga karatu ko wasa?"

Shekarar ce ta farko da Baba ya yi noman rani. Da can kamun kifi yake yi, sai ya sayar da kwalekwalensa ya sayi injin ban ruwa, ya shuka shinkafa a bakin gulbi. Abincin gidanmu na shekara yana cikin gonar nan. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ana tsakiyar zafin bazara, inji ya daina jan ruwa. Yana tashi lafiya, yana ƙara, amma ko ɗigo ba ya fitowa. Makanikin da kowa ya dogara da shi ya tafi sayen kayan gyara wata jiha, aka rufe iyakokin jihohi saboda korona yana can. Maƙwabtan gona suka duba suka ce fankar ciki ce ta karye, sai an jira shi. Aron inji kuwa bai samu ba, kowa tasa gonar yake ceto.

A rana ta uku na kai wa Baba abinci. Ƙasa ta tsage, ganyen shinkafa ya nannaɗe kamar tsinke. Baba yana zaune gefen inji da wasu dattawa biyu, ko kwanon bai kalla ba. Ya sake cika injin da ruwa ya ja igiya. Na tsaya ina kallon tiyon da ke shiga gulbi: ruwa ya ɗan hau, ya yi kumfa, ya koma. Na san wannan abin, na ji shi a bakina ranar karan gwanda.

Na ce, "Baba, iska yake sha."

"Mi kika ce?"

"Ina ganin ba fanka ba ce. Tiyon ne ya huje."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce su da suka shekara da inji sun duba tiyo, lafiyarsa lau. Kunya ta kama ni, na so in ɗauki kwanona in tafi. Baba ya daɗe yana dubana, sannan ya ciro wayarsa ya ce, "Kira malamin naku."

Malam yakan faɗi lambarsa a ƙarshen kowane darasi, na haddace ta. Na kira, ya ɗauka, ƙarar babur ta mutu, alamar ya tsaya a gefen hanya. Na yi masa bayani, na zaci zai ce in ba Baba wayar su yi magana ta manya. Bai ce haka ba.

"Ɗiyata, mi kig gani da idonki?"

Na faɗa masa.

"To in da karan gwanda na, yaya za ki gane inda hujin yake?"

Dattawa suka zuba mini ido. Can na ce, "In toshe ƙarshensa, in cika shi da ruwa."

"Yi hakanan. Ina nan, ba ni kashewa."

Baba ya kwance tiyon, muka cusa tsumma da leda a bakinsa ɗaya, muka ɗaga ɗaya bakin muna ɗura ruwa da bokiti. Da farko ba mu ga komai ba, dattijon nan har ya fara gyaran murya. Sai ga wani siririn ruwa yana tsartuwa daidai inda ƙarfen ɗauri yake matse tiyon, tsaga ce da ba ta kai tsawon farce ba, ƙarfen ya rufe ta. Baba ya yanke wurin da wuƙa, ya mayar da tiyon, muka naɗe mahaɗar da robar tsohon tub na tayar keke. Ya cika inji, ya yi bisimilla, ya ja igiya.

Injin ya yi tari sau biyu, sannan ruwa ya ɓalle da ƙarfi har ya jiƙa wa dattijon riga. Bai yi fushi ba, salati ya kama yi. Baba ya karɓi wayar, hannunsa duk laka, ya ce, "Allah shi gafarta malam, ka ceci gidana." Ina jin amsar Malam daga inda nake tsaye: "Ni ban ko ga injin ba. Ɗiyarka tag gyara shi."

Wani gefe na gonar da ke kan tudu bai farfaɗo ba, amma mafi yawanta ta yi. Daga ranar, duk sabon darasin da ya zo, Baba yakan zauna a tabarma ya ce in ƙara murya, wani lokaci ma ya riga ni ba da amsa.

Da aka buɗe makarantu na je in yi wa Malam godiya. Ya saurare ni, ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ina zanen da ya ce in sake. Ban yi ba. Ya sa na yi shi a ranar.

Yanzu ina kwalejin horar da malamai, fasaha nake karanta. Abin da na koya a bakin gulbin nan shi ne, rufe aji ba ya hana malamin gaske koyarwa. Kuma idan ɗalibi ya zo maka a tsorace da rabin amsa a bakinsa, kada ka karɓe maganar. Ka tsaya a gefen hanya, ka jira shi ya ƙarasa.