Talabijin a Bangon Gabas

Ni dai ban ce ina son talabijin ba. Wannan nake so a fara riƙewa, tunda har yau a dangi akwai masu cewa an yi mini alheri na watsa wa mai alherin ƙasa a ido. Ina da 'yar tibi ɗina mai ƙusumbi a kusurwar falo, tana nuna mini tafsiri da azumi da wasan Hausa in an kawo wuta. In hoton ya fara rawa, in ɗan mare ta a gefe ta dawo hayyacinta. Ban taɓa kai ƙararta wurin kowa ba.

Wanda ya kawo maganar ɗana ne na fari. Mu iyayenmu daga Barno suka taso suka zauna a Fagge tun ba a haife ni ba, kuma a gidanmu ba a sakewa da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi. In zan ba shi abinci sai in ce wa ƙannensa su kai wa yayansu. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun daga yaye. Ya girma, ya yi aure, ya tara iyali a Rijiyar Lemo, amma in ya shigo gaishe ni kaina a ƙasa nake amsawa. In ina da magana da shi, ta bakin babansa ko ta bakin ƙanwarsa take bi. Ya san wannan sarai, a cikinsa ya tashi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna da Alhaji, maigidana, a zaure. Ni kuwa Allah bai ba ni karatu ba amma ya ba ni kunne. Daga tsakar gida ina tsince shinkafa na ji yana cewa zai mayar da falon Inna kamar gidan sinima, da ƙaton talabijin da sifiku da teburinsa, tunda yanzu an sa mana sola. Da Alhaji ya shigo sai ya ce in shirya gobe za a kai ni Sabon Gari in zaɓa da kaina. Na tambaye shi a ina za a ajiye wannan abu. Ya ce in dai je, yaro ya yi niyyar alheri kada in sage masa gwiwa.

Ni ba mai fita ba ce. In ba suna ko biki ko gaisuwar mutuwa ba, sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba, kuma ba abin da ya rage ni. Ranar nan cunkoson mahaɗar Bata kaɗai ya ishe ni. Masu a-daidaita-sahu sun cusa kai ta kowace kafa, 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa daga kasuwar Kwari suna ta a ba su hanya, ni ina bayan mota kusa da matar ɗan nawa ina ta salati.

Shagon kuwa tun daga ƙasa har sama talabijin ne, kuma duk kifi ɗaya suke nunawa, wani ja mai baza jela, yana juyi a wuri ashirin a lokaci guda. Mai shagon Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, yana ta Mama kaza Mama kaza. Ya ce wannan in ana nuna ɗawafi har zufar goshin alhazai zan gani. Na ce masa ni na je na gani da idona, zufar ma tawa ta ishe ni. Ya yi dariya har da dukan cinya. Ba ni da abin cewa a kansa, sana'arsa yake yi.

Suka shiga zaɓe. Wannan ya fi faɗi, wancan ya fi haske, wancan yana kama intanet. Aka kunna sifiku na ji ƙirjina yana amsawa kamar ana daka a cikinsa. Sannan aka zo kan abin da za a ɗora shi. Akwai ƙarfen da ake kafewa a bango, akwai wani mai ƙafa ɗaya kamar sandar fanka, akwai kuma wani dogon tebur baƙi mai aljihuna da fitilu a ƙarƙashi, tsawonsa ya kai gado. Wannan teburin ne ɗan nawa ya dafa. Mai shago ya tambaye shi ko bangon zai ɗauka, ya ce ya riga ya auna. A nan na tuna satin da ya wuce na gan shi da abin awo a falona, na ɗauka fenti za a sake.

Suka juya harshe zuwa Turancin kasuwa, wai don kada in ji. Ban yi boko ba, amma wanda ya zauna da 'ya'ya da jikoki masu kallon ƙwallo ya san sunayen kulob-kulob ɗin nan ko yana barci. Na ji Asabar, na ji abokai, na ji sola. Gidansa ba sola, falonsa kuma ƙarami ne. Sai na gane ɗawafin da ake ta yi mini talla da shi.

Can ya juyo, a gaban matarsa da mai shago da duk masu ciniki, ya ce, "Inna, wanne ya yi miki?"

Na ja mayafi na ce, "Ko wanne."

To me zan ce? Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta a ɗaka ita ce za ta tsaya tsakiyar kasuwa tana ja-in-ja da shi? Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san ko wanne ɗin nan ba amsa ba ce. Nufinta a koma gida, a aiko wani ya tambaye ni a hankali. Shi kuwa sai ya ce wa mai shago Inna ta amince, a ɗaure.

Ran Litinin na shiga maƙwabta gaisuwar rasuwa. Kafin in dawo an gama aiki. Ƙofar falona irin ta da ce, 'yar siririya, don haka a wargaje aka shigo da teburin, kafinta ya haɗa shi a ciki. Ya cinye bangon gabas daga wannan kusurwa zuwa waccan. Talabijin ɗin na zaune a kansa kamar ƙofar gareji, sifiku biyu tsaye dama da hagu. Dardumata da carbina an naɗe an ɗora a kan ɗaya daga cikinsu.

Wannan bango nan nake sallah tun ranar da aka kawo ni gidan. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta kama kafaɗata ta juya ni ta ce nan ne gabas. Akwai 'yar taga a sama ta gefen hagu, ta nan nake jin karatun limamin masallacin unguwa, har in gane ranar da mura ta kama shi. A nan na roƙa wa shi wannan yaron lafiya lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Bai san wannan ba, na yarda, yana ƙarami. Amma sau nawa ya shigo gidan nan da girmansa ya tarar da ni a wurin, ya tsaya daga bakin ƙofa har in sallame? Ya auna bangon da abin awo, bai ga abin da ake yi a gabansa ba.

Da la'asar na shimfiɗa darduma a gaban abin, tunda a kashe yake. Ina ɗaga hannu sai ga wata tsohuwa a cikin baƙin gilashi ta ɗaga nata. Na yi ruku'u ta yi. Ban san me na karanta ba a sallar nan. Na gaya wa Alhaji, ya ce in rufe shi da zane. Na rufe. Matar ɗan nawa ta zo ta yaye, wai zanen zai goge gilashin, da wani ƙyalle na musamman ake taɓa shi. Na koma wa Alhaji, ya ce ai duk ƙasar Allah masallaci ce, in shiga uwar ɗaka mana. Shi da yake da masallaci a ƙofar gida, da fanka da kafet, shi ne mai ba ni wannan fatawa.

Na shiga uwar ɗakan. Tsakanin gado da sif ɗin kaya wurin bai fi a shimfiɗa ɗankwali ba. In na yi sujada gwiwar hannuna ta bugi katako, in zan miƙe sai na dafa gado. Karatun liman kuwa ko kaɗan ba ya isowa.

Na bi hanyar da aka saba. Na kira ƙanwar ɗan nawa na ce ta je ta gaya wa yayanta a canza wa abin nan wuri. Ta dawo tana sunkuyar da kai. Sai da na matsa mata ta ce ya ce teburin ba zai shiga wani bangon ba, ƙofa da taga sun tare, kuma Inna za ta saba.

Za ta saba. Kwana na yi ina juya maganar nan. Akuya ake canza wa turke a ce za ta saba.

Asabar ta zo, abokansa suka cika falo, manyan mutane masu iyali, suna gaishe ni da ladabi suna wucewa ciki da takalman 'ya'yansu a zube a ƙofa. Wata Asabar ɗin ma haka. In aka ci ƙwallo kwanukan kicin har ƙara suke yi. Ni da falona sai in yi sallama kafin in shiga ɗauko carbi. Su dai in an kira sallah sukan fita masallaci, su dawo a guje kada wani abu ya wuce su. Ni kuwa ko a wannan ɗan tsakanin ba ni da wuri, don yara na zaune an bar musu abin a kunne.

Ranar da abin ya ƙare, sun dawo daga la'asar ke nan an koma wasa. Ni na makara ina sallamar mai kawo mana itace. Na yi alwala, na zura hijabi, na nufi uwar ɗaka, sai na tsaya a bakin ƙofar na dubi ɗan lungun nan. Na juyo. Na ratsa ta tsakiyarsu, na shimfiɗa dardumata a gaban teburin, ƙartin nan masu gajeren wando suna gudu daidai fuskata, na ta da kabbara.

Wani ya lalubi rimot ya kashe. Falon ya yi tsit, har ina jin mai gyaran takalmi yana kaɗa akwatinsa a waje. Ban yi sauri ba. Na yi raka'o'ina huɗu yadda na saba, na yi tasbihi, na shafa. Kafin in juyo rabinsu sun zare jiki sun fice. Shi ɗan nawa yana zaune a hannun kujera. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana cikin zanen goyo.

"Kai, da kai nake. Gobe a fitar mini da wannan abin."

"Inna, ai na tambaye ki a shago. Kin ce ko wanne."

"Ka tambaye ni wanne. Ka tambaye ni a ina? Tun da na haife ka, yaushe ka taɓa jin na ce maka a'a a gaban mutane, da za ka kai ni kasuwa ka tambaye ni?"

Alhaji ya leƙo daga zaure yana cewa a yi haƙuri, a bar maganar sai baƙi sun tafi. Na ce masa baƙin ai sun ga abin da ya fi magana.

Washegari kafinta ya dawo ya kwance teburin gunduwa-gunduwa. Aka gwada zaure, bai shiga ba. A ƙarshe Rijiyar Lemo aka kai shi har da talabijin ɗin, kuma na ji sai da aka yanke wa teburin aljihu ɗaya kafin ya zauna a falonsu. Dangi suka yi ta magana. Wata ƙanwar Alhaji ta zo takanas ta ce mini wasu iyayen ko rediyo ba a saya musu ba. Na ce ta je ta karɓa, har yanzu sabo ne.

Ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, sai matarsa yake aikowa da cefane. Da ya dawo zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallonsa. Kunyar nan da na riƙe shekara da shekaru ba ta komo ba, kuma shi ya jawo. Yanzu in zai kawo ko tabarma ce gidan nan, ba ya bi ta bakin babansa a zaure. Yakan tsaya a ƙofar falo ya tambaye ni ko ina so, da inda za a ajiye. Ranar da ya zo da maganar sabuwar firji na ce masa ba na so, ya ce to, ya zauna muka yi hirar ciwon ƙafar babansa.