Gilashin Khaulat na Ƙarshe

Khaulat 'yar Malam Bappa marini ce, a Azare aka haife ta. Tun tana ƙarama take son sanin abin da ke sa zane ya fito daga rini kore, iska ta mai da shi shuɗi. Wannan tambayar ce ta kai ta karatun kimiyyar sinadarai a jami'a.

Aikinta na kammala digiri na biyu shi ne shafa wa gilashi wani gari mai laushin da ido ba ya gani, yadda 'yar wutar batir za ta sauya masa launi. Da irinsa ake fatan yin fuskar waya da za a karanta a tsakiyar rana. Wata takwas tana fama, gilasai goma sha ɗaya suka lalace, saura ɗaya.

Ranar gwaji ko karyawa ba ta iya yi ba. Malamai uku suka zuba mata ido. Ta haɗa wayoyin batir da gilashin, amma bai nuna komai ba. Ta shiga salati a zuci. Can sai shuɗi ya fara bayyana daga gefe, har ya rufe shi.

Babban malamin ya ce, "Malama Khaulat, zai koma yadda yake?"

Ta ce, "In sha Allahu, Farfesa."

Ta juya wayoyin. Launin ya janye a hankali, amma ya bar tabo a kusurwa. Ta ci gwajin, sai dai har ta hau motar gida tabon nan take tunani.