Tayoyin Kawu Tanko da Rantsuwata

Duk wanda ya san Kawu Tanko ya san ba ya tada mota sai ya gama gaishe-gaishe. Ba da mutane ba fa, da tayoyi! Da hantsi zai zagaya tsohuwar akori-kurar nan tasa mai kai 'yan kasuwa Kornaka da Sabon Maci, ya dafa kowace taya da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Biyun gaba sunansu 'Yan Faransa. Ta baya ta dama 'Yar Sin. Ta hagu kuwa Hajiya, wai jirgin ruwan da ya kawo ta ya biya ta Jidda.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi bayan rasuwar innata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin tayoyin gaba da na baya sun fito daga kamfani ɗaya ba. Illa mai faci ya yi magana har ya gaji.

"Tanko, zanen na gaba daban, na baya daban. Waɗannan na kama ƙasa, waɗancan na sulɓi. Wata rana gindin motag ga zai wuce kanta."

"Kai Illa, in na sa 'yan gida ɗaya, rana ɗaya za su mutu su bar ni. Wa ke son makoki huɗu a tashi guda?"

"To ko tsawonsu ya zo ɗaya mana."

"Kai da matarka tsawonku ɗaya?"

Illa ya koma kan facinsa, don kowa ya san matarsa ta fi shi da kamu guda.

To maganar Illa ba ta faɗi ƙasa ba, kuma a kaina ta ƙare. Wata damina, ina sabon aure, na ce bari in bi Kawu kasuwar Kornaka in sai da ƙwan zabi. An kwana ana ruwa. Muna cikin tafiya ya taka birki don wata akuya. Wayyo Allah! 'Yan Faransa suka tsaya, Hajiya da 'Yar Sin suka ce ba da su ba. Mota ta juya da mu kamar dutsen niƙa, muka buɗe ido muka gan mu muna kallon Dakoro inda muka fito. Ƙwai kuwa har cikin ɗankwalina.

Kawu ya gyara hula, ya ce, "Kar kowa ya tsorata. Mantuwa ta yi a gida."

Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na dira cikin laka, na ce, "Wallahi tallahi ba ni ƙara shiga motag ga sai ranar da tayoyinta huɗu suka zama 'yan gida ɗaya!"

"To Dije, ki sai takalmi mai ƙwari," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya muna wannan ja-in-ja. Gaskiya rantsuwar ta yi mani daɗi, don ni dama ba mai son fita ba ce. In na je bakin rijiya na dawo, na yi yawon sati. Amma shi abin na cin sa, ko da bai faɗa ba. Ya kai amaren unguwa, ya kai masu naƙuda, ya kai raguna, ni ɗiyarsa kaɗai ke gudun motarsa. Da aka yi suna a Roumbou, amalanken shanu na hau. Sai ga shi ya rage gudu yana tafe daidai da mu, ya leƙo ta taga.

"Dije, kin duba na amalanken kuwa? Ta dama ta Najeriya ce, ta hagu ko uwarta ba ta san inda ta fito ba!"

"Kawu, ai a kan taka na rantse."

"To mu haɗu wurin yayen yaron!"

Bara ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi mashi wuya. Lokotoro ya ce sai babban asibitin Maraɗi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, mai jinya sai ni. Kawu ya ce ko ɗaure shi za a yi ba ya shiga motar wani. Sai dai ɗansa Sanusi ya tuƙa tasa. Na yi ta juya abin a raina kwana biyu. Daga ƙarshe na ce in karya rantsuwa in yi kaffara, in mota ta juya, ta juya da mu tare.

Na ɗaura ƙunshina na fito. Ina zuwa ƙofar gidansa na tsaya cik. Tayoyi huɗu baƙaƙe wuluk, zane ɗaya, rubutu ɗaya, har da 'yan gashin nan na sabunta. Illa na gefe yana share hannu yana kallon sama. Garken gidan kuwa ba bijimin da Kawu ya shekara yana turkawa.

"Kawu! 'Yan gida ɗaya?"

"Rage murya, mutane na ji." Yana kwance a jingine cikin motar, magana da ƙyar. "Shiga. Ni na raine ki, ba ni ne zan sa ki karya rantsuwa ba."

Na shiga na zauna kusa da shi. Mota ta miƙe sumul, ba jijjiga, ba ja gefe. Mun yi nisa sai ya buɗe ido.

"Sanusi, wagga wace irin tahiya ce? Mota ta yi shiru kamar ta yi fushi da ni."

Sai ya lalubo hannuna ya riƙe. Bai saki ba har Maraɗi. Kwana tara na yi a gefen gadonsa, ranar na goma da safe ya cika, ina ba shi ruwa a cokali.

Allah Ya jiƙan Kawu Tanko. Ya Allah, marainiya ya ɗauka bai taɓa bari ta san maraici ba. Ka ɗauke shi da rahamarKa, Ka yalwata mashi makwanci, Ka sada shi da innata. Amin.