Zaren da Baba Ya Naɗe a Hannu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, muna zaune a Nasarawa, kudu da kogin Kaduna, a gidan haya mai ɗakuna a jere. Ina aji biyu a sakandare. Ni ba mai yawan magana ba ce. Idan baƙi suka shigo, littafi nake ɗauka in koma bayan ƙofa. A daminar nan ce Kaka, wadda ta haifi Baba, ta zo daga ƙauye neman maganin ciwon ƙafa, ta zauna tare da mu.

Kusan kullum ana ɗauke wuta da yamma. Idan mun gama cin paten acca, Kaka takan jawo kurfoti bakin ƙofarmu, ta jera masara a kan garwashi, ni da ƙanena Ishaya mu zauna a gabanta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa. Sai ta juya masara, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu matso kusa, domin akwai labarin da ba a ɗaga masa murya.

A lokacin Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri, aikin kuma ya fara ja da baya, har akan sallame su tun rana ba ta yi nisa ba. Wani Ba'indiye da ke shugabantar sashensu, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa sandar kamun kifi irin ta Turawa, mai ɗan inji da ke naɗe zare. Baba ya so sandar nan kamar me. Duk Asabar yakan haƙo tana a bayan makewayi, ya yanko guntun tsohon silifa ya ɗaura a zare don ya riƙa yawo a saman ruwa, ya rataya bokiti, ya gangara kogi shi kaɗai. Yana dawowa da karfasa, wani lokaci da ƙananan tarwaɗa, yana ta fara'a. Yakan ce yanzu an sami 'yanci, babu mai tare mutum a bakin gada ya tambaye shi ina za shi.

A saman injin akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa, Baba yana kiransa birki. Idan an sassauta shi, kifi mai ƙarfi zai ja zare ya tafi, ya gaji, sannan a naɗo shi a hankali. Ni ce nake warware masa zaren idan ya harɗe, don ina da haƙurin wannan aiki, saboda haka na lura kullum birkin a ɗaure yake tam. Baba da fatsar hannu ya tashi a ƙauye, zare da ƙugiya kawai, babu sanda. A wurinsa, barin kifi ya ja zare daidai yake da barin ɓarawo ya fita da kaya. Kuma idan abu mai nauyi ya kama, yakan ajiye sandar, ya damƙi zaren ya naɗe a tafin hannu, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Kaka ta ga jan layin da zaren roba ke bari a hannunsa. Ba ta yi masa magana ba sai ranar da ya zauna tare da mu a bakin wuta yana goge sandarsa.

Ta ce a wani gari da ke bakin kogi an yi wani masunci da bai taɓa sakin kifi ba. Duk abin da ya ciji ƙugiyarsa sai ya kwana a tukunyarsa. A kogin nan akwai wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin dutse, inda wata tsohuwar tarwaɗa take zaune. Bakinta cike yake da ƙugiyoyi masu tsatsa, na mutanen da suka kama ta, suka ji nauyinta, suka saki zare suka koma gida wurin 'ya'yansu. Masuncin ya yi musu dariya. Ya je gurbin da sassafe, ya cire takalmansa ya jera su a kan dutse, ya ɗaure zaren a wuyan hannunsa don kada ma hannun ya yi masa gardama.

Tarwaɗar ta ci. Amma ba ta fizga ba, in ji Kaka, da ta fizga da ya ji tsoro. A hankali ta ja, kamar yaro yana jan zanin uwarsa. Ya taka ruwa zuwa idon sawu. Ta tsaya. Ta sake ja, ruwa ya kai masa gwiwa. Matan da ke wanki a gaɓa suka ce ya kwance zaren. Ya ce musu ta kusa gajiya. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana faɗin haka. Da rana ta yi tsaka, takalman ne kawai a kan dutse.

Ishaya ya tambaya ko tarwaɗar ta cinye shi. Kaka ta girgiza kai.

"Ba ta cin mutum. Yana nan a ƙasa, bai saki ba har yau. Wanda ya jefa ƙugiya a gurbin nan, wani lokaci yakan ji an ja. Idan ja ɗaya ne, kifi ne. Idan aka ja, aka dakata, aka sake ja kamar mai naɗe zare a hannu, to ba kifi ba ne."

Garwashi ya yi ƙara. Ishaya ya matso ya manne da ni. Baba ya yi dariya, amma gajeriya.

"Mama, wannan labarin da ni ake, ko?"

"Da jikokina nake magana. Kai ai ka yi gemu, kunnenka ya toshe."

"Kogin Kaduna ne fa, ba na ƙauye ba. Kusa da gada nake tsayawa, motoci na wucewa."

"Motar za ta shiga ruwa ta ɗauko ka?"

Daga nan ta juyo gare ni, kamar shi ba ya wurin, ta riƙa gaya mini abubuwan da ta koya a gidan ubanta. Ta ce ba a tsayawa a kan dutse mai gansakuka. Ba a duba sama don sanin ruwa, domin ruwan da ya sauka a wani gari shi ne yake cika kogi a nan. Launin kogin ake duba, da abin da yake ɗaukowa. Idan ya fara ja, ko aka ga karan masara da ganye suna wucewa, a tattara kaya. Kuma ba a zuwa kogi mutum ɗaya. Wannan na ƙarshe ne kaɗai Baba ya yarda da shi, don a bar shi ya huta, aka ce ni zan riƙa raka shi in riƙe bokiti.

Wata Asabar a ƙarshen damina muka je. Sama fes, rana tana haske. Mun kama karfasa kaɗan, ina zaune a gaɓa da littafi a cinya, sai na ga guntun silifar ya nutse bai dawo ba. Sandar ta lanƙwashe. Injin bai saki ko kaɗan ba, don birkin a ɗaure yake. Baba ya ja, abin bai motsa ba. Sai ya jefar da sandar a kan yashi, ya kama zaren, ya naɗe a hannun dama, ya taka ruwa.

A lokacin na lura kogin ya sauya. Ya yi ja kamar kunun kanwa, wani reshe mai ɗanyen ganye ya wuce yana juyi. Dutsen da na ajiye silifata a kansa ya ɓace. Na tashi tsaye. Ina so in yi ihu, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, kuma ranar ma a hankali na yi masa magana.

"Baba, ruwa ya kai gwiwarka."

Bai waiwayo ba.

"Bari, Rifkatu. Ya kusa gajiya."

Ya ƙara taku. Na ga jini yana bin zaren yana ɗiga. Ruwa ya kai masa ƙugu, ƙafarsa ta zame a kan dutse, ya tafi gaba har kafaɗa ɗaya ta nutse. Sai na ji wata 'yar ƙara, kamar an tsinke igiyar shanya. Ya faɗi da baya, ya rarrafo, na kama rigarsa na ja da duk ƙarfina.

Zaren ya yanke shi har kusa da ƙashi. An ɗinke hannun a asibiti, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasa daidai ba, a masaƙa aka ɗauke shi daga kan injin saƙa aka mai da shi sito. Ba mu san abin da ke ƙarshen zaren ba. Baba yakan ce giwan ruwa ne. Wani maƙwabci ya ce kututture ne da ambaliya ke ja. Kaka ta wanke masa rigar da kanta, ba ta ƙara ba da labarin masuncin ba har ta koma ƙauye.

Na daɗe ina ɗaukar cewa tatsuniyar gargaɗi ce a kan kogi. Sai da na girma na gane Kaka ba kogin take tsoro ba. Ɗanta ta sani. A coci an yi godiya cewa Baba ya tsira, mutane suna yaba masa da ya kuɓuta. Ni kaɗai na tsaya a gaɓar nan na gani. Bai kwance komai ba, bai buɗe hannu ba. Zaren ne ya gaji kafin shi. Da Ba'indiyen nan ya bar masa zare mai ɗan kauri fiye da wannan, da ni kaɗai zan hau gangaren nan zuwa gida, in tsaya a gaban Kaka da bokiti a hannu.