Fuskar Toka

Shekarar da aka rufe gidajen kallo bayan zuwan Shari'a, yayana ya sayar da talabijin da bencinan gidan kallonsa, ya ce shi yanzu mai makarantar kwamfuta ne a Bagudo. Makarantar kuwa kwamfuta ɗaya ce tak, tsohuwa 'yar Kwatano, da aka shigo da ita ta iyakar Tsamiya ɗaure a bayan kabu-kabu. Ni ce ɗalibarsa ta fari, don na gama sakandare ina zaune gida a Kende, ba cas ba as.

Ta zo da fuska irin ta kowa, koren tudu da 'yan hotuna a jere da ake dannawa. Sai dai nawa gare ta. In ka kunna, sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, ga janareta na shan mai. Kafin in fara taɓa ta, wani abokinsa ya kawo masa faifai daga Birnin Kebbi mai fuskoki iri-iri. Yaya ya zauna yana gwadawa, wannan ya ce ta yi nauyi, waccan ya ce ado ne kawai. Ya zaɓi wadda ta fi kowacce rama: allo ruwan toka, fayau, ko hoto ɗaya babu. Sai ka danna ɓangaren dama na linzami, wato maus, jerin sunaye ya fito, ka zaɓi abin da kake so.

Na ce, "Yaya, wagga ba irin ta ofis ba ta."

Ya ce, "Ke mi kinka sani? Kwamfuta duk ɗaya ta. Ado kika so ko aiki?"

Sauri kam ta yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk wanda ya shigo shagon sai Yaya ya kashe ta ya sake kunnawa, don a ga yadda take tashi nan take. Ni kuwa damina guda ina zirga-zirga daga Kende, hijabi jiƙe sharkaf, har hannuna ya faɗa, ina buga shafi ba tare da na dubi yatsuna ba.

Sai aka ce sakatariyar ƙaramar hukuma na neman mace mai buga takardu a sashen mata, tunda yanzu ba a son cakuɗa su da maza. Gurbi ɗaya ne. Innarmu har ta fara gaya wa maƙwabta ɗiyarta ta kusa zama ma'aikaciya.

Mu biyu muka je gwaji, ni da wata 'yar garin Geza da ta ɗan koya a gidan gwaggonta. Jami'in gwajin ya ba ni takarda, ya ce in buɗe shafi a kwamfutarsu in buga. Na zauna, ga koren tudun nan yana kallona. Na danna dama, wani jeri dabam ya fito, babu sunan da na sani. Na sake dannawa. Na kuma sakewa.

Ya ce, "Malama, kin taɓa ganin kwamfuta kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, buɗe mini kawai ka ga aiki."

Ya ce ai buɗewar ma tana cikin gwajin, in tashi. 'Yar Geza ta zauna, ta danna wani ɗan hoto sau biyu, farin shafi ya buɗe. Ta shiga bugawa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar gero. Wallahi da an ba ni shafin nan, da na gama kafin ta kai rabi. Ita aka ɗauka.

Na taka har shago. Na gaya wa Yaya duk yadda aka yi, ina jiran ko da "yi haƙuri" ne. Ya sunkuyar da kai, har na zaci abin ya taɓa shi. Can ya ɗago.

"Tasu ɗin, da anka kunna ta, ta daɗe kahin ta tashi?"

Na ce ta daɗe.

Ya tafa hannu yana dariya. "Kin gani ko? Tawa ta hi tasu!"

Har yau matar nan tana ofishin, kuma har yau da yatsa biyu take bugawa.